Amanar Sa Hannu

A kwalejojin koyon jinya na Kpembe da ke gefen Salaga, da Yendi, da Bawku, ɗalibi yana riƙe da littafin aikin asibiti. In ya yi allura ko ya wanke ciwo, mai kula da shi ya sa hannu. Nakan yi tunanin nauyin wannan biro. Wanda ya sa hannu bai gani ba, majinyacin gobe ya zalunta.

Tsoron masu bincike daga Accra ba ya dasa amana. Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa: shugaba ya rubuta lokacin isowarsa a rajistar da masinja ke rubutawa, ya karanta lissafin kuɗi gaban ma'aikata, ya karɓi gyara daga ƙaramin malami ba tare da riƙo ba.