Hanyar Funtuwa Zuwa Malumfashi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan hanyar motar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Katsina, wadda aikina na akawu ya kan sa in bi.

In mutum ya bar Funtuwa, garin Sarkin Maska, sai ya iske Bakori ta Makama, sa'an nan Mararrabar Ƙanƙara, kana Malumfashi ta Galadiman Katsina. Dama da hagu ba abin da ido ke gani sai masara da dawa da auduga, gona na bin gona.

Auduga ce ta fara ɗaukaka hanyan nan. Tun da aka shimfiɗa layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amfanin ƙasan nan ya riƙa gangarowa tashar Funtuwa, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 gwamnati ta buɗe babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, aka kawo takin zamani, aka sari ƙananan hanyoyi zuwa ƙauyuka, masara ta yawaita ƙwarai.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Babbar hanya kamar kogi ta ke, ba ta cika sai da ƙoramu. Manomin da ke bakin kwalta ya kan sayar da buhunsa bisa farashin kasuwa. Wanda ke can ciki kuwa, in damina ta cinye hanyarsa mota ba ta shiga, taki ya kan iso a makare, da kaka kuma sai abin da ɗan baranda ya yanka masa. Ga wahala ɗaya, riba dabam.

Saboda haka ina roƙon Gwamnatin Jihar Katsina da ƙananan hukumomi su riƙa gyaran hanyoyin ƙauye da kwalbatocinsu tun da rani. Hakimai da dagatai kuma su tada aikin gayya, gama da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Malaman makaranta da 'yan'uwana akawuna, ku taya ni faɗa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Funtuwa.