Zuwa Ga Auta, Kan Ciwon Cikin Nan Naki

Auta,

Da fatan karatu na tafiya daidai. Yayarki ta faɗa mini abin da kika ji nauyin faɗa mini: kwana huɗu ba ki zaga ba, cikinki ya yi tam kamar ganga, yana murɗa yana ƙugi, har sai kin sassauta zani kafin ki zauna. Ashe shi ya sa ranar nan na ji muryarki a shaƙe.

Na san halinki. Banɗakin makaranta kike ƙyanƙyami, sai ki danne. To ki sani, muddin bahaya na zaune a hanji, hanjin tsotse ruwansa yake yi har ya bushe ya yi tauri, iska kuma ta taru a bayansa ta rasa hanya. Ga biredi da safe, taliya da dare, ga lemon kwalba da cingam masu cika ciki da iska. Yaushe rabonki da miyar ganye? Idan kuma har yanzu kina shan ƙwayar ƙarin jinin nan, ita ma tana ɗaure ciki. Haka ta yi mini lokacin goyonki.

Ki sha ruwa da ɗan ɗumi da asuba, ki riƙa ƙarawa cikin yini, kamar kofi 8. Ki nemi gwanda, kankana da dabino. Lemo ki ci har da totuwarsa. Zogale, alayyafo da kuɓewa ba su da tsada. Wake na taimakawa, amma kaɗan-kaɗan, a jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan. Bayan cin abinci ki ɗan taka. In bahaya ya zo miki kuwa, tashi ki je, ko da buta biyu za ki ɗauka. Kada ki yi ta yunƙuri, nan basir ke samun ƙofa.

Za a ce ki jiƙa filasko. Yana sa gudawa, yana murɗa ciki, kada ki mayar da shi abin kullum.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan: in kika ga jini, ko amai ya zo, ko zazzaɓi, ko ciwon ya tare a ƙasan cibiya ta dama, ko ciki ya ƙara kumbura har iska ba ta fita, kada ki sha komai na wankin ciki. Ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Na ba direba garin kuka da tsamiya ya kawo miki. Ki kira ni jibi ki gaya mini da bakinki, ba ta bakin Yayarki ba.

Allah Ya ba ki lafiya.

Ummanki