Alƙalin Ƙurɗuba da Rigimar Ƙabalu da Sadalu

Da shekaru suka ja, na rage gardama da mutane, na koma tambayarsu inda suka samo maganarsu. A wurin Ibn Rushdi na koyi wannan ɗabi'a, mutumin Ƙurɗuba ta Andalus, ƙasar da yau ake kira Sifen. A can aka haife shi a 1126, a gidan alƙalanci tun daga kaka. Ya yi alƙalanci a Ishbiliya da Ƙurɗuba, ya zama likitan sarki, ya kuma yi wa littattafan Aristo sharhin da Turawa suka juya da Latin suka karantar a jami'o'insu.

Andalus ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu na Ƙonni. Ishiriniyar da muke rerawa a watan Maulidi ta Alfazazi ce, shi ma ɗan Ƙurɗuba. Amma littafin da ya fi gyara mini zama da jama'a shi ne Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushdi. In ya ɗauko mas'ala, sai ya jera abin da kowane malami ya ce, sannan ya bayyana dalilin saɓaninsu.

Ɗauki ƙabalu da sadalu. Daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, na ga wa da ƙane sun daina cin tuwo a akushi ɗaya saboda ɗaya ya rungume hannu a salla, ɗaya ya saki. Na ga dattijo ya naɗe buzunsa ya bar masallacin da ya ɗauki laka a ka ranar gininsa. Shi kuwa Ibn Rushdi, tun shekaru ɗari takwas da suka wuce, ya nuna cewa akwai hadisai ingantattu da suka siffanta sallar Annabi (SAW) ba su ambaci ɗora hannu ba, akwai kuma waɗanda suka tabbatar an umarci mutane da shi. Kowane ɓangare da madogararsa. Ƴaƴana, a cikin bayaninsa duka babu inda ya zagi wani.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, shi ba a yi masa wannan adalci ba. A 1195 ƴan hassada suka kai sukarsa wajen sarki Ya'aƙub al-Mansur, aka kore shi zuwa Lusena, aka ƙone littattafansa na falsafa. Daga baya sarki ya sake jawo shi, amma bai daɗe ba ya rasu a Marrakish a 1198. Allah ya jiƙansa.