Masauki a Yamai: arhar nesa tsada ce

Mu da ke zuwa Yamai daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa don ganin likita, kwana biyu ne ko uku, amma kuɗin ɗaki kan cinye guzuri. Manyan otel na Plateau dai ba namu ba ne. Ɗaki mai arha a nesa kuma, taksi ke lashe rarar.

Don haka muke sauka kusa da buƙata: in asibitin Lamorde za mu, Harobanda muke nema. Kafin mu biya mukan tambaya: akwai gurup in wuta ta ɗauke? Pampo na kawo ruwa? A Afrilu zafi na wuce digiri 40, marar lafiya ba zai runtsa ba babu fanka. Gara ƙarin jikka biyu da kwanan zaune.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.