Ɗakina mai taya huɗu

Da Baba ya rasu bai bar muna gida cikin birni ba. Abin da ya bari shi ne tsohuwar Hiace fara, wadda ya yi shekaru yana jigila da ita tsakanin Maraɗi da Madarunfa. Ni kuwa ina shekara ta biyu a jami'a, kuɗin haya sun gagare ni. Sai na cire kujerun baya, na shimfiɗa katifa, na jera takarduna cikin kwali. Da dare in faka kusa da wani mai shayi, wanka a bayin masallaci. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwar Maraɗi, in ɗauki buhunnan ƴan kasuwa in samu na abinci, in aika ma Inna wani abu ƙauye.

Wata uku ina haka, sai asiransi ta ƙare. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san abin da wannan ke nufi. Dokar CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita tare da sauran ƙasashen yankinmu, ta ce a aya ta 200 dole kowace mota ta samu asiransi saboda ɓarnar da za ta iya yi ma wasu. In babu ita, jandarma su tsare motar. Ni kuwa in an kai tawa furiyar, an kai har da wurin kwanana.

Na tafi ofishin wani kamfanin asiransi. Madam ɗin ta duba kart giriz ta ce sunan Baba ne a kai, ya kamata in maida ita da sunana. Ta tambayi ƙarfin injin, yawan kujeru, da irin aikin da motar ke yi. Sannan ta ce, "Ina kake zaune?"

Na ce, "Cikin motar, Madam."

Ta yi dariya. Da ta ga ban yi ba, ta aje biro. "To ita motar ina take kwana?"

Nan na rasa ta cewa. A garin nan kowa da kwatance yake rayuwa: bayan famfo, kusa da mai nama, gidan da ke da dogon yaro a ƙofa. Amma ko kwatance sai da bango. Gidan da ke tashi da safe ba shi shiga takarda.

Wani abokina ya ce in rubuta gidan kowa, wa zai bincika? Na kusa yarda. Wata ƴar ajinmu da ta taɓa karatun shari'a ce ta hana ni. Ta nuna mini aya ta 18: wanda ya yi ƙarya da gangan wajen ƙulla yarjejeniya, ana iya soke ta, kuɗin da ya biya kuma sun tafi. Ta ce, "Ranar da ka buge ɗan wani, ranar ce za su bincika."

Sai na nufi wurin mai unguwa neman shaidar zama. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, ina ganin ka sahun asuba, ban musa ba. Amma ƙaƙa zan shaidi mutumin da in ya murza makulli ya bar unguwa? Wa ke tsaya maka?"

Raina ya ɓaci, na tashi. Daga baya na gane bai faɗi ƙarya ba. Ba bango yake nema ba, mutum yake nema wanda za a ƙwanƙwasa ma ƙofa in na yi ɓarna.

Hajiya mai tuwo, wadda nike ci bashi wurinta, ita ta ji labarin bakin mai shayi. Ta kira ni ta yi mini faɗa sosai don ban gaya mata ba. Ta ce zaurenta ba kowa, in kawo katifata, motar ta kwana ƙofar gida. Haya kuwa: in riƙa koya ma jikanta lissafi, in ɗauko mata hatsi ranar kasuwa. Da kanta ta raka ni wurin mai unguwa, ta ce, "Ranka shi daɗe, wannan ɗana ne." Takardun da suka hana ni barci wata guda suka fara fita ɗaya bayan ɗaya.

Ran da na karɓi asiransi na zauna na karanta ta duka. Ta rufe wanda zan buge, ta rufe dukiyarsa. Katifata da takarduna, da motar kanta in ta ƙone, babu su ciki. Wata ukun nan duk abin da na mallaka yana kwana cikin abin da ba wanda ya tsaya masa.

Na san akwai ɗalibai cikinmu masu kwana shago, masu kwana masallaci, masu raɓawa ɗakin aboki, kowa yana ɓoyewa. Ni ma na ɓoye, kunya ce ta ci mini wata uku. Ɗan'uwa, kafin takarda ta tambaye ka inda kake zaune, ka nemi wanda za ka gaya ma gaskiya.