Shekarar da Jamus ta koma ɗaya

A 1990 aikina a gidanmu na Dayi shi ne murɗa wa Baffa rediyo. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin lambobin mita, sai in yi ta lalube har Muryar Jamus ta fito daga birnin Kolon. Baffa bai taɓa wuce Kano ba, amma yana kiran sunan Helmut Kohl, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, kamar tare suke sayar da auduga a Funtuwa.

Tun da aka fasa katangar Balin a watan Nuwambar 1989 yake bin labarin. Bai yarda Jamus ta Gabas da ta Yamma za su haɗu ba. A ganinsa, 'yan'uwan da suka raba gona shekara arba'in ba sa komawa noma tare.

Sai ga namu ya zo. Ranar 22 ga Afrilu, ana cikin goman ƙarshe na azumi, aka wayi gari da labarin Manjo Gideon Orkar ya yi yunƙurin juyin mulki, ya yi shelar cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Barno, Kano, Bauci da Katsina, wadda ba ta cika shekara uku da rabuwa da Kaduna ba. Dattawa suka cika zaurenmu, kowa bakinsa a bushe. Wani ya tambaya ko yanzu zuwa Zariya ma sai da fasfo. Ba wanda ya yi dariya. Kafin a sha ruwa an murƙushe yunƙurin, amma ranar Baffa ko kunun tsamiyarsa bai shanye ba.

Damina ta faɗi, mu yara hankalinmu ya koma ƙwallo. Ranar 8 ga Yuli Jamus ta Yamma ta ci Ajantina ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin duniya, da fanaretin Andreas Brehme. Ni dai Kamaru ta Roger Milla nake so, Jamus ba ta dame ni ba.

Ranar 3 ga Oktoba, dawa ta fara nuna, muka ji an sauke sunan Jamus ta Gabas, ƙasa ta koma ɗaya ba a harba harsashi ba. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, su suna ɗinkewa, mu an so a yage mu. To sojojin wancan ɓangaren fa, ina za a kai su?"

Na ce, "Wallahi Baffa ban sani ba."

Ya laluba aljihu ya miƙo mini kuɗi, in je bakin tasha in sayo batir kafin shirin yamma.