Las Vegas: Zauren Da Ake Yanka Wa Wasa Farashi

Wanda ya doshi Las Vegas da mota daga Los Angeles sai ya yi awa huɗu ko fiye cikin hamadar Mojave, ba kome sai duwatsu da ƙaya, kafin kwatsam ya ga fitilu sun haske sama. Garin yana cikin Jihar Nevada ta Amurka, wadda ta halatta caca tun 1931. A babban titinsa otal ɗin Stardust yake a da. An rushe shi a 2007, amma shekara da shekaru daga zaurensa, wanda Frank Rosenthal ya buɗe, ake jin farashin wasannin ƙasar.

Farashin nan rata ce ta maki. Idan ƙungiya ta fi abokiyar karawarta ƙarfi, sai mai allo ya rubuta, misali, maki 3 da rabi, watau wanda ya bi ta ba zai ci ba sai ta yi nasara da maki 4 ko fiye. Mai allo ba boka ba ne. Dillali ne, burinsa kuɗi su rabu biyu daidai. Kowa yakan zuba dala 11 don ya ci 10, saboda haka in mutum biyu suka saɓa, gidan ya karɓi 22, ya biya 21, ɗayar ta zama la'adarsa.

Wuyar aikin tana ga tayin farko. A zamanin Stardust, ran Lahadi da yamma, kafin a rubuta ratar wasannin mako mai zuwa, tsofaffin 'yan caca sukan yi ƙuri'a don a san wanda zai fara zubi, kuma akan ƙayyade abin da kowa zai zuba. To, gidan da gangan yake barin gwanayen nan su ɗan ci shi, domin duk inda kuɗinsu ya karkata nan kuskure yake, sai a gusar da ratar da rabin maki. Kafin dare ya raba, masu jira a bakin tarho sun aika da ita ko'ina.

Sai dai gusarwar ita ma tana da dafi. A watan Janairu na 1979, a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, an buɗe wa Pittsburgh maki 3 da rabi a kan Dallas. Jama'a suka yi ta bin Pittsburgh har ratar ta kai 4 da rabi, sannan wasu suka kwararo wa Dallas kuɗi. Aka tashi 35 da 31, tazarar maki 4 cif. Na farko suka ci, na baya ma suka ci, gidajen caca suka biya gaba da baya. Har gobe a garin ana kiran ranar Baƙar Lahadi.